Kunkurun Maidawa

Tanne tana tsinkar yakuwa a bayan ɗaki sai ta ji hayaniya daga ƙofar maigari. Ta ɗauka shari'ar akuya ce, don a ƙauyukan Kurfai damina ba ta wucewa sai akuyar wani ta shiga gonar wani. Sai maƙwabciyarta Habsa ta leƙo ta saman darni.

"Tanne, taho ki ga ikon Allah! Maidoki ya kamo kunkuru cikin wakenai, ƙato kamar turmi a kife."

Tsohuwar ta miƙe zumbur. Ta zube yakuwar cikin ƙwarya, ta fita da ƙwaryar a hannu, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Mijinta marigayi, Maidawa, azne ne, har ya mutu bai saki al'adar kakanninsa ba. Yana da kunkuru da ya gada wurin ubansa, ya ce muddin dabbar tana gidan, mugun baki ba ya kwana a ciki. A kan bayan kunkurun nan ɗansu Lawali ya koyi zama. Amma da yaron ya shiga lakwal, makarantar boko, yara suka sa shi gaba da "ɗan azna, ɗan azna", har abin ya zame masa miki. Yanzu Malam Lawali ake ce masa, sahun farko yake tsayawa a masallaci. Ƙasar kabarin ubansa ba ta gama bushewa ba ya ƙone kayan borin tsohon, ya ɗora kunkurun a amalanken jaki, ya kai shi can dajin Tondikandiya ya yar. Tanne tana kallo, ba ta hana shi ba. Ita ma ai tana salla, kuma hatsin Lawali take ci. An yi damina da yawa tun daga lokacin.

Ta tarar da maigari Kailu zaune bisa tabarma, mutane sun yi da'ira. Ga kunkurun a tsakiya, ƙafafunsa duk laka. Maidoki kuwa sai zuba yake kamar wanda ya kashe zaki.

"Ranka shi daɗe, na daji ne. Na daji kuwa na wanda yat tsinta ne. Ran Lahadi kasuwar Baleyara zan kai shi, masu magani su hwasa shi, su ɗau abin da suka so."

"Yi a hankali," in ji Kailu. "In na wani ne ya ɓata, ba ka da komi ciki sai ladan tsintuwa. Akwai mai shi a nan?"

Ba wanda ya fito. Tanne ta hango Lawali a gefe da carbi a hannu, yana kallon bishiyar bedi kamar yau ya fara ganinta. Ta kutsa cikin maza, ta durƙusa da ƙyar, ta share lakar da ke gefen bayan dabbar da babban yatsa. Ga hudar nan, 'yar kewayayya, inda Maidawa yake zura igiyar kaba in za a tafi gona. Wayyo! Daga Tondikandiya, da waɗannan gajerun ƙafafun!

"Na gidanmu ne," ta ce. "Ga hudar igiya."

Maidoki ya yi tsaki. "Haba Inna! Haƙorin kura ne. Kura ta cije shi, ta ji tauri, ta bari."

"Kurar garinku da basilla take yawo?" in ji Tanne.

Aka kwashe da dariya. Kailu ya ɗaga hannu, ya ce huda kaɗai ba ta raba gardama. Na daji, in mutum ya matso, ƙunshe kai yake yi yana huci. Na gida ya san hannu. A gwada a gani.

Maidoki ya miƙa masa ganyen wake. Kunkurun ya shige cikin ƙoƙonsa, ya yi masa huci. "Kun gani!" in ji Maidoki. Tanne ba ta kula shi ba. Ta ja da baya, ta juye yakuwar a ƙasa, ta kife ƙwaryar, ta shiga ƙwanƙwasa ta da zobe, yadda Maidawa yake yi kowace safiya. Can sai ga kai ya fito. Dabbar ta ɗaga jiki, ta taho tana jan ƙasa, ta tsallake yakuwar, ta zo ta miƙa wa tsohuwar wuya. Tanne ta sosa masa ƙarƙashin haɓa, hawaye na zuba a kan hannunta.

Gani ya kori ji. Sai dai Kailu ba ya mayar da dabba gidan da maigidan bai karɓa ba. Ya juya wajen Lawali.

"Malam, gidan naka ne yanzu. Ka san wanga kunkuru?"

Wani daga baya ya ce, "Ashe kayan azna ba su ɓata." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Tanne ta ga kunnen ɗanta ya motsa, kamar dai lokacin da yake dawowa daga lakwal da kuka. Ta ce a ranta, ka ce naka ne kawai, ɗana, ni zan ci da shi, ko bayan ɗakina ne.

"Ban san shi ba, ranka shi daɗe," in ji Lawali. "Dabba ta ga ganye ta taho, mi an na mamaki? Inna kuwa a yi mata uzuri, tsuhwa ya kama ta. Kwanan ga ko sunan jikokinta ba ta riƙewa. Ni kaina wani lokaci sai ta tambaye ni ko ni wane ne."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma rabin mutanen wurin sun san ƙarya ce. Matar da ta san ranar haihuwar kowane ɗan akuya a unguwar! Amma wa zai ƙaryata Malam a gaban jama'a saboda tsohuwa da kunkuru? Habsa ta sunkuyar da kai. Wasu har suka shiga cewa "Allah sarki, tsuhwa", suna kallon Tanne da tausayi, kuma tausayin nan ya fi dariyar ciwo.

Daga ƙarshe Kailu ya ce, "To, na daji ne."

Maidoki ya nemi inda zai ɗaure. Bai sha wahala ba, ta hudar Maidawa ya zura igiyarsa. Shi da wani suka kinkime dabbar, ƙafafunta na iyo a iska. Tanne ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gida, ta bar yakuwar a ƙasa.

Bayan la'asar tana zaune a ƙofar ɗakinta, jikokin suna wasa a tsakar gida, sai ga Lawali da kansa ɗauke da kwanon fura. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, ki yi haƙuri. Kin dai san yadda mutane suke. Da na karɓa, har ɗiyana sai an kira su da sunan nan."

Tanne ba ta dube shi ba. Ta ɗaga murya ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarama: Zaidu, Samiratu, Abdulgafar, Ummul. Kowa ya amsa, ya zo ya tsaya. Ta raba musu gyaɗar da ke ƙulle a bakin zanenta, ta ce su je su ci gaba da wasa.

Sannan ta juyo ta ƙare wa Lawali kallo, tun daga hula har takalmi.

"Sannu da zuwa, bawan Allah," ta ce. "Kai ɗan wane gida ne?"

Ta tura masa kwanon furar da ƙafa, a hankali, ta ce ya kai wa uwarsa.