Ciko a Gurbi na Shida

Shekara ashirin da biyu Mai Jita ya yi yana gyaran kayan kiɗa a ɗan shagon da ke ƙarƙashin benen da yake zaune, kuma a duk aikin ba abin da yake taƙama da shi kamar yanka gurbi. A cikin jita akwai ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, wanda makaɗa ke kira jaki. A gadon bayan jakin ake dasa siririn ƙashi, a ƙashin kuma a yanka gurbi shida, kowace tsirkiya da nata. In gurbi ya zarce, tsirkiya ta kwanta ta riƙa zuza kamar ƙuda a kwalba. In bai kai ba, yatsun makaɗi su ji jiki.

Lafiya lau yake aikinsa har yayan matarsa, wani likitan haƙori da ya yi ritaya, ya zo hutun mako biyu. Ana cikin wata na huɗu Likita bai fara zancen tafiya ba. Kullum da safe sai ya sauko da kujerarsa ya kafa ta a gefen tebur. Ya ce ba a wanke magagari. Ya ce fitilar ta yi nisa. Duk wanda ya shigo shagon, bakinsa yake kallo kafin fuskarsa. Mai Jita ya kai ƙara wajen matarsa, ta ce mutumin da ya goya ta ba za ta ce masa ya tashi daga kujera ba.

Wata Laraba malamar kiɗa ta wata makaranta ta kawo jitarta, ƙashin ya tsage, ga ɗalibanta za su yi wasa da la'asar. Mai Jita ya duba akwatinsa, ƙashi ɗaya tak ya rage. Ya ce ta dawo ƙarfe biyu.

Ya goge ƙashin, ya auna, ya ɗiga alama da fensir. Gurbi biyar suka fita tsaf. Yana kan na shida, na tsirkiyar da ta fi siranta, sai Likita ya matso da kujera.

"Ka san baki a buɗe kake aiki? Wata huɗu ina kallon haƙorinka na can ƙurya. Ya fara tafiya."

Mai Jita ya rufe baki. Harshensa ya tafi neman haƙorin, hannunsa kuma ya ci gaba da aiki ba mai lura da shi. Da ya ɗaga magagarin, gurbin ya kusa raba ƙashin biyu. Ya ɗora tsirkiya duk da haka, ya taɓa. Ta yi zuzar da shi kansa ya kau da kai.

Ya zauna ya dafe goshi. Akwai maganganu da yawa a bakinsa, amma Likita yayan matarsa ne. Likita ya sa tabarau ya leƙa ɓarnar, ya ce wannan ai rami ne kawai, shi kuwa shekara talatin ya yi yana cike ramuka a wurin da ya fi nan duhu, ga yawu, ga mai ramin yana neman cizonsa.

Ya hau sama ya sauko da tsohuwar jakarsa. Ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya miƙa wa Mai Jita tocila ya ce ya haska nan. Mai shago ya koma mai riƙe fitila a shagonsa. Likita ya kwaɓa farin abin cike haƙori, ya sunkuya kan jitar.

"Ba zai yi zafi ba," ya ce wa jitar a hankali. "Yanzu za mu gama."

Ya cike, ya daddanna, ya haska wata shuɗiyar fitila har abin ya sandare. Sannan ya ja da baya, ya ce yanka ba aikinsa ba ne. Mai Jita ya karɓi magagari, ya datse leɓɓansa, ya ja sau huɗu. Da ya taɓa tsirkiyar, ta yi ƙara garau.

Malama ta zo ƙarfe biyu, ta gwada, ta yi godiya. Tana fita Likita ya bi ta da cewa kada jitar ta taɓa abu mai zafi ko mai sanyi sai bayan awa ɗaya. Ta waiwayo ta dubi Mai Jita. Ya ce ta dai bi maganar likita.

Washegari da safe ta bugo waya. Wasa ya yi kyau, in ji ta, sai dai tsirkiya ta shida ta fi sauran biyar ɗin zaƙin murya nesa ba kusa ba. Ko zai yi wa sauran irin abin da ya yi mata?

Mai Jita ya dubi kujerar Likita. Ya ce ta kawo ranar Asabar, zai tambayi abokin aikinsa ko yana da lokaci.