Amin Ɗin da Na Yi a Gashuwa

Shekara goma sha ɗaya ina malamin wasanni a kwalejinmu ta Nguru, ban taɓa jin ƙyamar ƙwallo ba sai ranar nan.

A teburin gasar kwalejojin shiyyarmu, mu da wata kwaleji ta Gashuwa kowa maki goma sha uku, amma mun fi su da ƙwallo biyu. Gurbi ɗaya ne tal na zuwa gasar ƙasa. Ranar ƙarshe mu za mu kara da 'yan Yusufari a gida, su kuma da 'yan Dapchi. Kwamiti ya ce a take wasannin biyu ƙarfe uku daidai, don kada wani ya san abin da ɗaya ya ci. Ya kuma ce duk inda aka ga ruwan ƙwallaye na rainin hankali, za a soke wasan. Ni aka tura Gashuwa in sa ido.

Da zan hau mota, kyaftin ɗinmu Mahfuz ya riƙe min ƙofa. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a makaranta, sau biyu gurbin nan yana suɓuce masa.

"Malam Babayo, don Allah ka riƙa faɗa mana gaskiyar abin da ke can."

Na ce, "Kai dai buga ƙwallonka. Ko tari suka yi sai ka ji."

A bakin fili kocin Gashuwa, Abbagana, ya tare ni yana washe baki. Babarbare ne, ni Bafillace, akwai wasa tsakaninmu.

"Bawana ya iso! A ba shi kujera, kada iska ta ɗauke shi."

"Ka ci gidanku, yau ubangidanka ya zo duba aikinka," na ce. Muka yi dariya. Ashe ni ake yi wa.

Aka tafi hutun rabin lokaci Gashuwa na da ɗaya. Na kira Nguru, suka ce su ma ɗaya suke da ita. Na ce, "To ku tsare gida. Waɗannan ko za su mutu ba za su ƙara uku ba." Da bakina na faɗa.

Hutun ya zo daidai da la'asar. Sai aka ce famfo ya ɗauke, buta biyu ce kawai, ga mutum ya fi arba'in. Aka yi layin alwala, kowa yana wanke ƙafa kamar wanda ya fito daga gonar shinkafa. Na duba agogo na ce, "Abbagana, lokaci fa."

"Haba bawana, salla za ka hana mu?"

Ya ja hannuna har sahun farko, ya tsayar da ni a bayan liman, wani dattijo da suka ɗauko daga cikin gari. Aka sallame, na yunƙura zan tashi, sai dattijon ya ɗaga hannu. Ya yi wa ƙasa addu'a. Ya yi wa damina. Ya yi wa masunta, da makiyaya, da masu jarrabawa, da matafiya, da waɗanda suka riga mu. Shi da zuciya ɗaya yake yi, bawan Allah, an ce masa ne kada ya rage kowa. Wayata tana ta motsi a aljihu, hannuwana suna sama. Wa zai miƙe a sahun farko ya ce addu'a ta isa? Ina ta cewa amin, ina kallon Abbagana ta gefen ido, shi kuma yana leƙen wayarsa a kan cinya.

Ƙarfe biyar saura minti goma Abbagana ya yi gyaran murya. Nan take aka shafa. An tashi a Nguru, mun ci ɗaya da nema. Yanzu 'yan Gashuwa sun san huɗu suke bukata, sai aka koma fili.

Kocin Dapchi ƙanin matar Abbagana ne, sai daga baya na sani. Mai tsaron gidansu ƙwallo ta yi dama ya faɗi hagu, har da birgima. Ta biyu, ta uku, ta huɗu. Daga nan aka koma tura wa juna ƙwallo a tsakiyar fili har alƙalin wasa ya busa. Na tofar da yawu a gefen layi. Ba cin ne ya fi ƙona min rai ba, a'a, abin da suka fake da shi.

Na rubuta ƙorafi shafi uku. Shugaban kwamiti ko karantawa bai yi ba, ya juyo min da wayarsa. Ga ni nan a hoto, sahun farko, hannu sama, ido a lumshe.

"Malam Babayo, wakilin Nguru bai yi ƙorafi a lokacin ba. Ko so kake mu rubuta cewa an hukunta makaranta don ta yi salla?"

Tir!

Washegari na iske Mahfuz a ɗakin ajiyar kaya, yana ninke rigarsa mai lamba takwas. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Malam, da mun sani da mun ƙara biyu, wallahi 'yan Yusufari sun gaji. Sau tara aka kira ka. Me kake yi?"

Na ce, "Ina cewa amin."

Ya ɗora rigar a kan tebur, ya fita.