Gashin Tainara

Tun safe Mama take zarya tsakanin kicin da madubi, ta ƙona wake, ta zubar da kofi. Ƙanwata Tainara ta ci jarrabawar shiga karatun likita a jami'a, nan birninmu Salvador, a kason da aka ware wa baƙaƙen fata. Saura abu ɗaya: ta tsaya gaban kwamiti su ƙare mata kallo, su tabbatar baƙa ce. Wai har kwas aka yi musu na kallon fuska. In suka ce ba ta kai ba, gurbin ya tafi.

Ga Tainara wankan tarwaɗa, ga gashi ya kwanta luf har gadon baya. Aikin Mama ne. Tun yarinyar tana firamare take dafa mata kai da man miƙar da gashi, ta hana ta shiga rana. Ko da wasa wani ya ce mata baƙa, sai unguwa ta ji kansu da Mama.

Mama ta ce, "A kai musu hoton kakarku."

Na ce, "Ba kaka za su ɗauka ba, Mama. Hanci suke kallo, da fata, da gashi. Ga shi kin goge shaidar."

"Edileuza, ki kiyaye ni!"

Muka wanke, muka cuɗa, har da ruwan gishiri. Ina! Gashi ya ce bai san zancen ba. Can wajen saiwa ne kawai sabon toho ya murɗe. Tainara ta miƙo almakashi. Na kai hannu, Mama ta fizge. Ita ta yanke da kanta, tana yi tana tsaki, ta ƙi kallon madubi.

A jami'a aka ajiye mu a benci. Mama ta tashi, ta zauna, ta leƙa ƙofa, mai gadi ya harare ta. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Masu gadin kanti ba su taɓa zuwa kwas ba, amma da mun shiga suke bin mu a baya.

Can sai ga Tainara ta fito, kai kamar na ɗan yaro. Mama ta tare ta.

"Me suka ce?"

"Sun sa na juya gefe, na kalli kyamara. Sun yarda."

"Sun yarda da me?"

"Sun ce ni baƙa ce, Mama."

Mama ta ɗaga hannu sama. "Mun gode wa Allah!" ta faɗa da ƙarfi. Sai kuma ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta koma bencin ta zauna, ta rufe fuska da jakarta.