Zaren Madam Caroline

Ranar Talata da hantsi Hansai ta sauko daga keke a ƙofar asibiti, da zarenta ƙudundune a bakin zane. Jiya da yamma ta kwance ƙulli na ƙarshe, yau ke nan ranar karɓar sabon magani da sabon zare.

Hansai mai daddawa ce a ƙauyen Yara, ta ba sittin baya. Bara aka yi mata aikin ciwon daji a hanji, aka ɗora ta kan wasu ƙwayoyi masu doka: a sha kwana goma sha huɗu, safe da yamma, sannan a huta kwana bakwai. Karon farko an ba ta na zagaye biyu a haɗe, da takarda. Ita kuwa rubutun boko da sawun kaji duk ɗaya ne a wurinta. Ta yi ta sha ba hutu, har bakinta ya yi miki, tafin hannunta ya saɓule, ta yi kwana tara a gadon asibiti.

A gadon nan Madam Caroline ta same ta. Ita ce babbar mai haɗa magungunan ciwon daji, a lokacin ta dawo daga wani kwas. Ta zauna a bakin gado, ta fito da zaren saƙa ja da fari, ta yi ƙulli goma sha huɗu a jan, bakwai a farin, ta haɗe su. Ta ce, "Mama, kullum da yamma ki kwance ɗaya. Ja, ki sha. Fari, ko wa ya ce ki sha, ki ce Caroline ta hana." Tun daga ranar Hansai ba ta ƙara kuskure ba.

Yau da ta iso tagar ɗakin magani, ƙadangaren nan mai jan kai yana kan dakalin taga yana gyaɗa kai kamar kullum. Madam Caroline kan kira shi Babban Likita, wai shi kaɗai ne ke amincewa da duk abin da ta faɗa. Amma a bayan gilashin wani mutum ne mai tabarau. A gefe an ajiye tebur da farin ƙyalle, da hoton Madam a kai, da buɗaɗɗen littafi.

Sista Anjelina, nas ɗin sashen, ta kamo hannunta ta zaunar da ita kan benci.

"Mama Hansai, sai haƙuri. Yau kwana tara. Madam ta dawo daga coci ta ce kanta na sara, kafin a iso da ita nan ta cika."

Hansai ta yi salati a hankali. Ta daɗe tana kallon hoton. An ɗauke shi ba tsamiya a kumatu, shi ya sa bai yi kama da ita sosai ba, don Madam ba ta rabuwa da tsotson tsamiya.

Anjelina ta zauna kusa da ita tana ba ta labari, kamar mai yi wa kanta. A Sabon Gari aka haifi Madam, babanta kafinta ne. Tana karatun haɗa magani a Zariya ciwon nan ya ɗauke mahaifiyarta, shi ya sa da ta gama ta zaɓi sashen da kowa ke gudu. Shekara talatin da ɗaya tana shiga ɗan ɗakin nan na baya, da riga har ƙasa da safar hannu biyu da takunkumi, tana auna magungunan da ake sawa a ƙarin ruwa. Jan cikinsu take kira zoɓo. Ba ta taɓa miƙa magani ba sai mutum na biyu ya sake dubawa, ko da likitoci na ta buga ƙofa. Zaren kuwa wajen wata Bafulatana ta koya, wadda ke ƙirga kwanakin kasuwa da ƙullin igiya.

Aka kira sunan Hansai. Mai tabarau, Abdulhamid, shi aka kawo daga wani sashe ya riƙe wurin. Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata gaisuwar rashi, ya ce likita ya ji daɗin gwajin jininta, don haka yau na zagaye biyu za a ba ta. Ya turo kwalaye da takarda.

Hansai ta dubi kwalayen. Zagaye biyu da takarda, daidai irin na wancan karon.

"Ɗana, ina zarena?"

"Wane zare, Inna?"

"Na ƙirga."

Ya ce komai na rubuce a takardar, kuma zai iya saita mata ƙararrawa a waya.

"Wayata? Wayar da ke kwana gidan maƙwabta ta wuni a kasuwa? Sai dai ka saita wa matan Yara, su sha maganin a madadina."

Wasu a layi suka yi dariya. Wani tsoho a bayanta, Baba Siman, ya ɗago nasa zaren daga aljihu. "Ni ma nawa saura biyu, ɗan boko. Ka fara tunani."

Hansai ta tura kwalayen baya. "Ba zan ɗauka ba. Na san inda wannan hanyar ke kai mutum."

Abdulhamid ya cire tabarau ya goge. Ya jawo durowar Madam, wadda bai taɓa buɗewa ba. Ga ƙullin tsamiya, ga almakashi, ga dunƙulen zare ja. Farin ya ƙare, saura ɗan guntu.

"Inna, ko na ce zan yi, ni ko maɓallin riga ban iya ɗinkawa ba. Kuma ga shi ba fari."

Hansai ta kwance bakin zaninta. Ba na jiya kaɗai ke ciki ba. Duk zaren da Madam ta taɓa ba ta tana ajiyewa, don ba ta iya yar da su. Sun lanƙwashe saboda tsohon ƙulli, amma da ƙarfinsu.

"Fito nan ka zauna. Ni zan ƙulla, kai ka ƙirga. Ai ka iya ƙirga ko?"

"Sun ce na iya."

Ya fito ya zauna kan benci da farar rigarsa. Hansai ta ƙulla ja, ta haɗa fari, ta sake ja, ta sake fari, tana yin ƙullin sako-sako yadda farce zai iya kwancewa. Da ta gama ta miƙe za ta ɗauki kwalayenta.

Anjelina ta ce, "A'a, Mama. Mutum na biyu."

Abdulhamid ya bi zaren da yatsa yana ƙirgawa a fili. Jan farko daidai. Fari daidai. A ja na biyu ya tsaya, ya koma baya, ya sake.

"Goma sha biyar, Inna."

"Ƙarya kake."

"Ƙirga da kanki."

Ta ƙirga, goma sha biyar ne. Baba Siman ya ce, "To, malamar ma ta faɗi jarrabawa." Hansai ta harare shi, ta kwance ɗaya, suka sake ƙirgawa tare, su uku, tun daga farko. Sannan ta ɗauki kwalayen ta zuba a jaka.

Za ta wuce, Anjelina ta nuna mata littafin ta'aziyya, ta ce ko a rubuta mata wani abu. Hansai ta girgiza kai. Ta ajiye sauran tsofaffin zaren a kan tagar Abdulhamid, ban da guda ɗaya, na farkon nan da aka ba ta a gadon asibiti. Shi ta shimfiɗa a tsakiyar littafin.

Tana fita ta jiyo Baba Siman yana cewa, "Ba haka ba, ɗan boko, ka matse da yawa. Da haƙori zan kwance?"