Muciyar Turawa

Wada ya kutsa cikin taron da gwiwar hannu, buhunsa fanko a kafaɗa, har ya isa gindin kamiyon, babbar motar agajin da ta tsaya gaban buron kumandan, wato ofishin hukuma, a Gidan Rumji. Damina biyu ke nan sama ba ta ce komai ba. Da safe matarsa Delu ta sauko da goran irin gero daga rataye, ta ajiye gefen turmi.

"Maigida, in ka dawo hannu sake, irin nan zan daka. Yara ba za su ci shukar baɗi ba."

In aka daka iri kuwa, ko ruwa ya sauka, gonar Wada ta mutu.

Wani Bature ja wur ya hau bayan motar, tafinta na gefensa.

"Ya ce ƙasarsu ba a yi musu ba-zata," in ji tafinta. "Tun bala'i bai zo ba, sun shirya masa kaya ɗaki guda."

"Madalla da masu shiri!" in ji Dodo, maƙwabcin Wada. "A sauke shirin mu gani, ciki na kira."

Jandarma ya yanke igiya. Aka jawo wani baƙin abu naɗe kamar tabarma, Bature ya taka famfo, abu ya yi ta kumbura har ya zama jirgin ruwa.

"Sun duba taswira," tafinta ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, "sun ga an rubuta Gulbin Maraɗi. Aka ce musu gulbi kogi ne. To, garin da ke bakin kogi, da an ce bala'i..."

Kowa ya juya ya kalli gulbin. Yashi ne fari fat, da ƙashin saniya kwance a tsakiya.

"Kai, mutanen nan da hangen nesa suke," Dodo ya ce. "Mu muna roƙon yayyafi, su har sun ga ambaliya. Tafinta, tambaye shi, ana dafa shi ko ɗanye ake ci?"

Tafinta bai fassara ba. Jirage ba su isa kowa ba, sai aka raba itatuwan tuƙi. Wada ya samu guda, dogo, mai faffaɗan kai. Bature ya ɗauke shi hoto riƙe da shi, ya ce ya yi dariya.

Ya iske Delu ta riga ta buɗe bakin goran, yara sun kewaye turmi. Ta dubi buhun, ta ga yadda ya tafi haka ya dawo. Sannan idonta ya faɗa kan itacen. Ta karɓa, ta shafa kan, ta juya shi a iska.

"La ilaha! Wannan muciya haka? Maigida, mutanen da muciyarsu ta kai tsawona, ina ga tukunyarsu? Ai ba a aiko muciya sai da abin tuƙawa. Hatsin na baya ko?"

Wada ya buɗe baki. Ya dubi yaran, ya dubi goran.

"Yana baya," ya ce. "Mutane ne masu shiri."

Delu ta toshe bakin goran, ta mayar da shi rataye. Ta wanke muciyar tas da ragowar ruwan tulu, ta jingine ta kusa da murhu.