Gurbin Salifu a Filin Bulo

Tun da Salifu ya faɗo daga bene ƙugunsa ya goce, Abdulmumini magini bai ƙara samun natsuwa ba. Tare suka baro Damagaram, tare suka shigo Tamanrasset ta Aljeriya. Yanzu kuwa babu mai gini da zai ɗauki mutumin da ba ya hawa tsani.

Sai Abdulmumini ya yi shawarar buɗe wurin buga bulo, inda irin su Salifu za su yi aiki a ƙasa, su ci guminsu. To, ba shi da fili, ba shi da ruwa, ba yashi. Mutane kawai ya sani. Zumunta kuwa a ƙafa take, sai ya shiga taka ta bayan la'asar, siminti duk a jikinsa.

Mairo mai tuwo ta haɗa shi da wani Buzu mai kango a bakin gari. Buzun ya ba da kangon, ya ce amma a sa ɗan ƙanwarsa a aikin. Limamin 'yan Maradi ya yi wa mai motar ruwa magana, mai motar ma ya turo surukinsa. Mai kawo yashi ya zo da ƙannensa biyu. Ita kanta Mairo ba ta roƙa ba, ta dai ambata cewa ɗan wanta Musbahu na zaune haka nan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abdulmumini bai iya ce wa kowa a'a ba.

Ranar da aka fara aiki, ya tsaya ya dubi filin. Ƙarti lafiyayyu sun cika shi, aikin kuwa ba zai ciyar da ƙarin baki ko ɗaya a kansu ba. In ya sallami wani, ruwa ko yashi ya tafi tare da shi.

Salifu na bakin katanga, dogare da sanda.

"Yaya, bar shi," ya ce. "Ka yi iyakar yinka."

"Rufe mini baki. Zo ka riƙe nan."

Ya miƙa masa shebur ɗinsa, ya nuna masa yadda ake gwada yashi da siminti, ya gaya wa samarin cewa daga yau Salifu ne a gurbinsa. Ba wanda ya musa, tunda ba nasu aka taɓa ba.

Washegari da sassafe Abdulmumini ya koma bakin titi inda leburori ke jiran masu gini. Gwiwoyinsa na ciwo. Ya tsuguna a cikinsu, ya jira mota ta tsaya.