Kwalbar da Dattijo Silvanus Ya Cika a Bohol

Kafin in shiga labarin, bari in ambaci mutanen da ke cikinsa don kada mai karatu ya rikice. Akwai Silvanus, tsohon ma'aikacin reluwe a Kafanchan, kuma dattijo a cocin unguwarsu. Akwai matarsa Emilia. Akwai surukarsu Miriyam, malamar firamare, wadda mijinta Kaleb, ɗansu, yake aiki a Kujama, sai ƙarshen wata yake leƙowa gida. Akwai Irene, 'yar Miriyam, jaririya mai wata huɗu. Akwai maƙwabcinsu Boaz, manomin citta, da surukarsa Theresa mai goyon ɗa namiji. Ta ƙarshe ita ce Madam Hellen, jami'ar lafiya ta ƙaramar hukuma.

A farkon damina, wata Lahadi bayan an idar da sujada, aka ba Madam Hellen dama ta yi wa jama'a magana. Ta ce an auna ruwan rijiyoyi a wasu unguwanni, an tarar wani sinadari mai suna naitaret ya yi yawa a cikinsu. Ta ce daga ramin bahaya yake fitowa. Tsohon sokawe, wato ramin da ƙazantar take taruwa, da ba a yi masa siminti a ciki ba, ko wanda ya tsage, ruwan ƙazantarsa yakan bi ƙarƙashin ƙasa har ya sami rijiya. Abin ba shi da launi, ba shi da wari. Babba zai iya sha bai ji komai ba, amma jaririn da bai kai wata shida ba, jininsa yakan kasa ɗaukar iska, leɓunansa su yi shuɗi-shuɗi. Saboda haka ƙaramar hukuma ta fito da tallafi. Duk gidan da aka sami rijiyarsa ta gurɓace, za a kawo masa siminti da bulo da magini, a gina sabon sokawe nesa da rijiya, a cike tsohon. Kowane maigida ya karɓi kwalba ɗaya, ya cika ta da ruwan rijiyarsa, ya mayar ranar Talata.

Mutane sun ji maganar tallafi. Silvanus kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne duba-gari ya dawo.

Yana ɗan shekara tara wani duba-gari ya shiga gidansu a ƙauye, ya leƙa randar mahaifiyarsa, ya ga tsutsar sauro, ya kifar da randar a tsakar gida. Aka kai mahaifinsa kotu. Daga ranar aka riƙa kiran gidansu gidan ƙazamai, kuma sunan bai bar su ba sai da Silvanus ya kama aikin jirgi ya bar garin. Tsofaffin wancan zamani duk sun san dabarar: idan ma'aikacin lafiya zai zo, ana ɓoye randar da ake sha, a fito da wadda aka wanke a ajiye masa a bakin ƙofa.

Ranar Litinin da safe ya jawo guga ɗaya daga rijiyarsa, ya ɗaga ruwan a kofin gilashi ya duba. An yi ruwan sama, ruwan ya ɗan gurɓace da laka. Ya taka daga bakin rijiya zuwa sokawen da ya haƙa da hannunsa shekarar da ya yi ritaya, ya sami taku goma sha biyu. Ya tuna shi ne yake tashi a taron dattawa yana yi wa matasa faɗa a kan tsabta. A ransa ya ga sunansa manne a bango, kowa yana karantawa. Sai ya sa kwalbar a aljihun kwat, ya tafi bohol na coci, wato rijiyar burtsatse, lokacin da ba kowa, ya cika ta a can.

Bayan mako guda aka liƙa takarda a ƙofar coci. Gidaje goma sha ɗaya a layinsu an rubuta su da jar tawada, alamar rijiyarsu ta gurɓace. Gida ɗaya tak aka rubuta da baƙa, gidan Silvanus.

Boaz ya tare shi a bakin hanya yana dariya. "Dattijo, ashe har ruwan rijiya naka ma ya tuba. Katanga ɗaya ne tsakaninmu, ni nawa ruwa yana cikin masu zunubi, naka yana zaune da waliyai."

Silvanus ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, "Alherin Ubangiji ne."

"To a ɗan raba mana alherin. Madam ta ce kada yaron Theresa ya ƙara shan namu. Bohol yana da nisa, layi kuma sai ka kwana. Za ta riƙa zuwa wurinka."

Washegari Theresa ta shigo da bokiti, yaronta a baya. Ranar da ta biyo baya mata uku suka zo. Kafin Asabar duk mai goyo a layin ta san hanyar rijiyar Dattijo. Suna shigowa suna durƙusawa su gaishe shi, suna sa masa albarka, shi kuwa yana zaune a ƙarƙashin mangwaro da Littafi a buɗe a cinyarsa, bai karanta ko aya ɗaya ba.

A makon nan ne hutun haihuwar Miriyam ya ƙare, ta koma makaranta. Da safe takan shayar da Irene, sannan ta bar wa Emilia gwangwanin madara da ruwan da ta tafasa a fulas. Silvanus ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon tukunyar.

"Maman Irene, wannan ruwa na ina ne?"

"Na rijiya ne, Baba. Ai namu an ce mai kyau ne. Kuma ina tafasa shi sosai."

Maganar tafasawa ta ɗan kwantar masa da hankali kwana biyu. Ranar Alhamis ta makon gaba Madam Hellen ta zo layin da magini don a auna inda za a haƙa sabon ramin Boaz. Silvanus ya tsaya a bayan katanga yana jin maganarsu. Wata mata ta tambaya ko tafasa ruwa yana kashe abin. Madam Hellen ta ce wannan ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. Idan an tafasa, ruwa ne yake raguwa, abin yana nan, ƙara ƙarfi ma yake yi. Ta kuma ce Juma'a mai zuwa za a rufe sunayen masu tallafi.

Silvanus ya bar katangar ya tafi inda Irene take kwance.

Daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya sai ya karɓi Irene daga hannun kakarta, ya fita da ita inda akwai haske, ya ɗaga leɓenta da yatsa ya duba. Ya duba farcenta. Wata rana ya ga kamar sun yi duhu, wata rana ya ga kamar idonsa ne. Idan ta yi barci mai tsawo sai ya kara kunnensa kusa da hancinta. Ya nemo jarka, ya riƙa tura baro zuwa bohol, ya bi layi tare da mata, ya kawo ruwa ya ce da wannan za a riƙa haɗa madarar jaririya.

Emilia ta zuba masa ido kwana uku, sannan ta yi magana. "Baban Kaleb, shekara arba'in da biyar muna tare, ban taɓa ganin ka ɗebo ruwa ba ko ina kwance da ciwo. Me ya sami rijiyarmu?"

"Babu komai. Motsa jiki nake yi."

"Da jarka?"

Ya ɗora jarkar a baro ya fita.

Irene ta daina shan ruwan rijiya, amma sauran jariran suna sha. Ya cire guga ya ɓoye, ya ce igiya ta ruɓe. Theresa ta zo da tata igiyar. Ya sayo kwaɗo ya kulle murfin, ya ce yana tsoron kada yaro ya faɗa. Matan suka tsaya a ƙofa da bokitai babu komai, suna kallonsa. Da yamma Boaz ya shigo ba sallama.

"Dattijo, mutane suna magana. Sun ce kana wa'azin ƙauna ranar Lahadi, ranar Litinin kana kulle ruwa. Ni ban yarda ba, na ce akwai dalili. To mene ne dalili?"

Silvanus ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko mabuɗi ya miƙa masa. Yana tsaye yana gani Theresa ta cika bokiti biyu, ta yi masa godiya, ta fita, kan yaronta yana lilo a bayanta.

Ranar Juma'a da sassafe ya sami Emilia tana shara, ya gaya mata komai a tsaye, ba tare da ya dube ta ba. Ta jingina tsintsiya da bango. Ba ta ɗaga murya ba.

"Irene ta sha wannan ruwa kwana tara," in ji ta. "Ni na haɗa mata da hannuna."

"Na sani."

"Kana zaune a can kana gani."

Ta shiga kicin, ta wanke wata kwalba da ruwan jarka, ta shanya ta, ta je rijiya ta cika ta da kanta, ta sa masa a hannu. Sannan ta goya Irene, ta ce ita asibiti za ta, shi kuma ya san inda za shi.

Ya hau acaɓa zuwa sakateriya, yana riƙe da kwalbar a ƙirjinsa. A ofishin lafiya ya tarar da mutane a benci, ya zauna a ƙarshe. Sau biyu ya miƙe zai tafi. Da aka kira shi ya shiga, ya cire hula, ya ajiye kwalbar a kan tebur.

"Baba, ai ku kun tsira," in ji Madam Hellen. "Me kuma ya kawo ku?"

"Wancan ruwa da na kawo na bohol ne, 'yata. Wannan ne na rijiyata."

Ta ɗauko wata 'yar siririyar takarda ta tsoma a ruwan, ta ajiye ta kusa da wani kwali mai launuka. Su biyu suka zuba mata ido. Takardar ta fara ja kaɗan, ta ƙara, ta wuce launin tsakiya, ta tsaya kusa da na ƙarshe.

"Ya fi na Boaz," ta ce a hankali. "Ku ne na huɗu da suka yi mini haka, Baba, kuma dukanku tsofaffi ne. Wani ma ruwan leda ya zuba mini. Amma sauran ba wanda yake ɗiba a gidajensu. Jarirai nawa suke shan naku?"

Ya ƙirga a yatsa. "Biyar, ban da jikata."

Ta jawo littafin sunaye ta rubuta nasa a ƙasa. Ta ce simintin wannan zagaye an riga an raba, nasa sai bayan damina, in an sake kawowa. Ta ce wannan ba shi ne abin gaggawa ba. Iyayen nan dole su sani yau, su daina, su kai yaran a duba su.

"Zan iya aika ma'aikacinmu ya gaya musu an sake awo an sami kuskure. Ba sai an ambaci bohol ba."

Silvanus ya juya hularsa a hannu. Ya ga yadda hakan zai yi sauƙi. Ya kuma ga cewa idan an ce ofis ya yi kuskure sau ɗaya, rabin matan za su ce to wa ya san ko yanzu ne kuskuren, su ci gaba da ɗiba, tun da rijiyar tana kusa kuma ta Dattijo ce.

"Ba za su yarda da ma'aikaci ba," ya ce. "Ni za su yarda da ni."

Da ya iso gida rana ta take. Ya tarar da mata huɗu a bakin rijiya, Theresa tana jan guga. Boaz yana kan katanga yana hira da magini. Silvanus ya je ya riƙe igiyar, ya ce ta saki. Ya faɗi abin da ya yi daga farko har ƙarshe, bai rage ba. Ya ce ruwansa ya fi na kowa lalacewa a layin, kuma kowace ta kai ɗanta asibiti yau.

Babu wadda ta zage shi. Wata ta kifar da bokitinta a gindin mangwaro. Theresa ta kwance zani ta sauko da yaronta, ta juya fuskarsa wajen rana tana duba bakinsa. Sannan ta wuce ta gabansa ba ta durƙusa ba.

Boaz ya sauko daga katanga. Bai yi dariya ba. "Ni na aiko ta nan," ya ce. "Da bakina." Ya bi surukarsa ya je neman acaɓa.

Emilia ta dawo da la'asar. Ta ce an duba Irene, an sa mata wani abu a yatsa, an ce jininta yana ɗaukar iska yadda ya kamata, amma a dawo da ita bayan mako guda. Yaran sauran gidajen kuwa ta baro iyayensu a layi, ba a kai kansu ba tukuna. Silvanus ya jawo kujera zuwa ƙofar gida ya zauna yana duban hanyar da za su dawo.

Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Da girmana na koyi rubutu, hannuna bai gama sabawa ba. Inda na sa kalma a wurin da ba nata ba, ko na kasa bayyana maganar ruwan nan daidai, ina roƙon masu ilimi su gyara mini.